Ka Kai Ta Ƙasa

Ya kamata in fara da gyara wata magana da ake yawan yi a layinmu na Tahaggart, cewa wai ni ne na ƙera injin da ya ɗauki kiɗan tsohuwar nan ta ƙauyen Hirafok. Maganar ba ƙarya ba ce, amma ba ta cika ba. Ni na yi zane, ni na yi lissafi. Wani ne ya riƙe ƙarfen narka dalma. Kwalaben da ke ciki kuwa an ƙera su tun kafin a haifi mahaifiyata. Sannan abin da muka haɗa ɗin ba ya ɗaukar komai. Aikinsa kawai ya karɓi sauti yana siriri, ya ƙara masa jiki, ya miƙa wa kwamfuta. Na bayyana wa maƙwabta wannan bambanci har na gaji. Sukan gyaɗa kai, washegari su sake cewa ni na ƙera.

Na zo Tamanrasset ne daga Damagaram, bayan na gama karatun lantarki, da difilom ɗina naɗe cikin leda don kada gumi ya taɓa shi. Aikin buro, wato na ofis, bai samu ba, sai mahaifiyata ta turo ni wurin ƙanenta, wanda ke da shagon kayan gida: butoci, barguna, tocila, wayoyin jona wuta. Kawu mutum ne mai fara'a da saurin yanke hukunci, kuma bai daɗe ba ya gane cewa ba don ciniki aka haife ni ba. Idan mai saye ya ɗauki tocila ya ce, "Wannan tana daɗewa?" sai in amsa cewa a jikin kwalinta an rubuta tana daɗewa, amma ni ban gwada ba, kuma ban san wanda ya gwada ba. Mutumin ya ajiye ya yi gaba. Kawu ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, ba gaban alƙali aka kira ka shaida ba. Tocila ce."

A bayan shagon akwai ɗakin da wani tsohon Balarabe mai gyaran rediyo ya taɓa zama, kafin ƴaƴansa su ɗauke shi su koma arewa. Ya bar kwalaye cike da tarkace, Kawu ya ce in kwashe in zubar. A ciki na tarar da taransifo masu nauyi, da wani tsohon mikro mai kama da kan taɓarya, da kwalaben rediyo naɗe cikin jaridun da suka yi ja don tsufa. Ga wanda bai taɓa gani ba: ƴar kwalba ce ta gilashi, tsawon yatsa, an zuƙe iskar cikinta an dasa ƴan ƙarafa, idan ta yi zafi takan ƙara wa sauti ƙarfi. Kafin zuwan taransisto ita ce ke magana a cikin kowace rediyo. A lekkol an ba mu labarinta a darasi guda, kamar yadda ake ba da labarin sarakunan da suka shuɗe, aka wuce. Ban zubar ba. Na share ɗakin, na jera su a kan katako, na riƙa shiga ina kallonsu duk lokacin da Kawu ya kore ni daga gaban shago don kada in kashe masa kasuwa.

A gidan da ke jingine da namu akwai wani direba, abokin shan shayin Kawu. A wannan lokaci ne ya ɗauko mahaifiyarsa daga Hirafok don a yi mata aikin ido. Haihuwar Abzin ce, aure ya kawo ta duwatsun Ahaggar, kuma tana jin Hausa irin ta kasuwar Agadas, gajera mai kaifi. Tana kaɗa imzad, wato gogen Abzinawa mai tsirkiya ɗaya ta izgar doki, wanda mata ke riƙewa. Sautinsa ba ya tsallake katanga. Idan ana zuba shayi kusa da shi, shayin ya fi shi ƙara.

Autarta tana aure a Agadas, ga tsohon ciki na fari, ga kewar uwa. Ta aiko cewa ba ta son tsaraba, ba ta son komai, sai a ɗauko mata wani kiɗa da uwar ke yi mata tun tana ƙarama, ta riƙa saurare kafin ta sauka. Direban ya kara salularsa, tsohuwa ta kaɗa, ya kunna mata. Ta saurara da ido ɗaya a naɗe, sannan ta ce, "Wannan sauro ne. Ba za a kai wa ɗiyata sauro da sunana ba." Ta sa aka share a gabanta. Ta kuma sanar cewa ranar da likita ya kwance mata ido, ranar za ta koma ga lambunta da awakinta, ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba.

Direban ya kawo wa Kawu kuka a wurin shayi. Kawu bai ma bari ya ƙarasa ba.

"Ai muna da injiniya a gida. Yana nan yana gaya wa mutane aibin kayana. Ku ba shi aikin, ni ma in huta."

Aka kai ni gaban tsohuwa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta juyo da lafiyayyen idon ta ƙare mini kallo.

"Kai ne sabon mijin nawa? Ka iya korar sauro?"

"Inna, zan yi iyakar ƙoƙarina, sai dai ba zan iya yin alkawari ba, domin akwai abubuwan da..."

"Ku ji shi. Tun ranar farko ya ce ba shi da alkawari. Wannan ya fi sauran maza gaskiya."

Don kada in zalunci gaskiya, da taransisto mai kyau da an yi wannan aiki cikin sauƙi. Amma ba ni da shi a hannu, kwalabe kuwa ga su a jere, kuma na daɗe ina neman dalilin kunna su.

Ga yadda matsalar take. Tsohon mikron yana da kunne mai kyau, amma muryarsa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, don haka dole a fara ɗaga ta da ɗan taransifo kafin a shigar da ita kwalba. A cikin kwalba abubuwa uku ne ke aiki, kuma na raɗa musu sunayen Hausa don bukatar kaina. Akwai katod, wanda ke sakin wuta idan ya yi zafi. Shi na bar shi da sunansa don ban sami wanda ya fi ba. Akwai faranti, wanda ke karɓar wutar. A tsakaninsu akwai raga, wadda sauti ke shiga, ita kuma ta rage ko ta ƙara abin da ke wucewa. Idan kwalba ɗaya ce ke ɗaukar nauyin duka, wutar farantinta takan yi lilo da ƙarfi, kuma saboda kusancinsa da raga, lilon yakan dawo baya ya danne siraran sautuka na sama. A bayan taransifo wannan ciwo ya fi tsanani. Imzad kuwa rabin ransa a can sama yake, wurin da izga ke shafar izga.

Maganin shi ake kira kaskod: a ɗora kwalba a kan kwalba, farantin ta ƙasa ya shiga katod ɗin ta sama. Irin wadda na samu ma tagwaye ce, biyu a gilashi guda, kamar don wannan aiki aka yi ta. Daga baya na bincika na tarar don shi ɗin aka yi ta. Na san kaskod a takarda, amma ban fahimce shi sosai ba sai wata safiya da nake kallon ƴan garinmu masu aikin gini a bakin kwari. Ɗaya yana ƙasa yana jefa bulo, ɗaya yana kan katako yana cafewa yana ɗorawa. Na ƙasa ba ya hawa ba ya sauka, hannunsa kawai ke aiki. Tsawon ginin aikin na sama ne. Haka kaskod yake. Ta ƙasa tana sauraro, farantinta kusan a tsaye cak, don haka babu abin da ke dawowa ya danne sauti; ta sama ce ke yin babban lilo. Amma da sharaɗi ɗaya: katakon da na sama ya taka dole ya kasance a kafe. A kwalba, wannan katako shi ne ragar ta sama. Ana ba ta wutar da ta dace ta hanyar rezistans biyu masu rage ƙarfin wuta, sannan a ɗaure ta da kwandansatar zuwa jikin ƙarfen akwatin, inda ake ƙirga wuta daga sifili, don kada ta motsa da sauti. Wannan wuri da Faransanci ana ce masa mas. Ni na fassara shi da ƙasa.

Na yi lissafin a bayan kwalin butoci. Wutar da za ta shiga daga sama bolt ɗari biyu da hamsin. Farantin ta ƙasa ya zauna wajen casa'in. Farantin ta sama wajen ɗari da hamsin. Tun da katod ɗin ta sama zai zauna a tudu haka, na ɗaga wutar zaren da ke ɗumama shi don kada tazarar da ke tsakaninsu ta yi yawa. A bakin fita na ƙara wata kwalba wadda ba ta ƙara komai, sai dai ta ba wa sautin ƙafafun da zai taka doguwar waya zuwa kwamfuta. Lissafi ya nuna kaskod ɗin zai ninka sauti kusan sau ɗari da talatin. Na sake lissafin ta wata hanya, ya ba ni amsa guda. Na ji daɗi, amma ban gaya wa kowa ba, don jin daɗi ba hujja ba ne.

Saura haɗawa, kuma a nan ne hannuna ya gaza. Na iya dalma, amma ban iya barinta ba: idan na narka na liƙa, sai shakka ta kama ni, in sake narkawa don in tabbatar, har ƙafar abin ta ƙone. Don haka na nufi wani sa'ana ɗan Maradi da ke gyaran salula a rumfar da ke kallon shagonmu. Hannunsa ba ya rawa ko kaɗan. Yakan liƙa abin da ni sai da gilashin ƙara gani nake iya hangowa. Tun da ya ji na yi karatu yake kirana Mushe, kamar malamin lekkol. Na shimfiɗa masa zanen a kan tebur. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Mushe, wanga hatimi ne? In wanke in sha?"

"Zane ne. Wannan alamar ita ce raga, wannan kuma..."

"Bari. Ni ba ni karatun wanga. Gaya mini da baki: wagga ƙafa ta tahi ina, waccan ta tahi ina. In ka hwaɗi daidai, ni ba ni kuskure."

Haka muka fara, ina faɗa yana liƙawa, a cikin wani akwatin alminiyan da muka ciro daga tarkacen Balarabe. Mun ci rabin aiki sai Kawu ya sami kayan da za a kai wa wani mai shago a In Ekker, kuma ya ce ni zan raka mota. Na roƙe shi, ya ce ko injiniya yana da kawu. Lokaci kuwa ba ya jira, don haka sauran aikin na faɗe shi ne ta saƙon murya daga cikin mota, duk inda reson waya ya leƙo tsakanin duwatsu. Na yi magana a hankali, kalma bayan kalma, kuma kowane saƙo sai na saurare shi kafin in tura. Wanda ya shafi ragar ta sama ina tune da shi sarai. Na ce, "Ka gama da farantin ta ƙasa ko? To, ɗauki kwandansatar shuɗiya. Ƙafa ɗaya a ragar ta sama. Ɗayar ƙafar ka kai ta ƙasa." Na saurara, ban ji aibi ba. Ya amsa da cewa, "An gama, Mushe."

Da na dawo na tarar da akwati kamar daga masana'anta ya fito. Ya sa wa wayoyi riguna, ya ɗaure su da zare cikin tsari. Muka kai shi ɗakin baya. Na sa hannun hagu a aljihu, na kunna da dama. Kawu, da ya biyo mu kallo, ya ɓata rai.

"Yanzu har ka yi girman da zan yi maka magana hannunka a aljihu?"

Na bayyana masa cewa wutar da ke cikin akwatin tana iya kisa, kuma ƙa'ida ce a ɓoye hannu ɗaya don kada ta bi ta ƙirji. Sai ya ja da baya ya zuba nasa hannayen biyu a aljihu.

Kwalaben suka ɗauki ja a hankali, kamar garwashin shayi. Na kara mita a kowane wuri. Casa'in a inda na ce casa'in, ɗari da hamsin a inda na ce ɗari da hamsin. Ɗan Maradi ya fara taka rawa. Sai na shigar da ɗan sauti na gwaji daga kwamfuta, na auna abin da ya shiga da abin da ya fito, na raba. Sau ashirin da ɗan wani abu. Na sake aunawa, bai canza ba. Na jona mikro na shafa igiya a gabansa don in kwaikwayi izga. Sautin ya fito a dushe, kamar ana goge a cikin tulu, kuma idan na ƙara shi a kwamfuta sai shuuu ta taso ta rufe shi. Wannan ba abin da zan kai gaban tsohuwa ba ne.

Tun da mita ta ce duk wutar tana inda ya kamata, sai na yanke cewa haɗin daidai ne, kuskuren a kaina yake. Na koma kan lissafi. Na canza kwalba, na sa ƴar'uwarta, amsa ba ta motsa ba. Na tsallaka titi.

"Kwandansatar shuɗiya, ka kai ta ƙasa?"

"Na kai."

"Ka tabbata?"

"Mushe, in rantse maka?"

"A'a, kada ka rantse. Na yarda."

Na kuwa yarda, domin bai taɓa yi mini ƙarya ba, kuma a wannan karon ma bai yi ba.

Kawu ya gaji da jin ina zagaye shago ina gunaguni, "ko dai ƙasar ce ba ta da kyau." Wata safiya na fito na tarar ya karɓo rodi daga wurin magina, ya kafa shi a tsakar gida da guduma, ya ɗaura masa waya zuwa akwatina, yana tsaye yana zuba masa ruwa da buta. Ya ce wani mai haɗa wutar gidaje ya taɓa gaya masa cewa ƙasar garin nan busasshiya ce, ba ta shan wuta sai an jiƙa ta. Dole in faɗi cewa Kawu bai yi aikin banza ba: rodin ya sa akwatin ya fi aminci ga mai taɓa shi, kuma har yau yana nan. Amma sau ashirin ɗin bai ƙaru da ko ɗaya ba. Duk da haka kowace safiya sai ya shayar da shi. Tsohuwa, da jikanyarta ke zagayawa da ita don ta motsa ƙafa, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Me kuka shuka nan?"

"Ƙarfe, Inna," in ji Kawu.

"To, in ya yi ƴaƴa a ajiye mini iri." Ta juyo wajena. "Mijin nawa ya rame. Likita ya ce idon ya kusa. Na ce wa ɗana ya fara ɗaure buhuna."

Da la'asar ɗin ranar muna zaune a ƙofar shago, inuwa ta fara hawa dutsen da ke gabas da gari, ni na kasa shan shayin da aka miƙo mini. Kawu ya dube ni ya girgiza kai.

"Ni dai na ba ka ƙasa, na shayar da ita. In ba ta yi maka ba, sai mu aika Damagaram a ɗebo maka ta gida a buhu. Mu ga abin da ma'aikatan dowan na kan iyaka za su rubuta."

Ɗan Maradi ya fashe da dariya har shayi ya sarƙe shi. "Wace ƙasa kuma, Alhaji? Ai ƙasar tana cikin akwati. Ga ta sama, ga ta ƙasa. Ni da hannuna na liƙa a farantinta."

Na ajiye kofi.

"A farantin wa?"

"Ta ƙasa mana. Kai ka ce."

"Ni na ce ka kai ta ƙasa."

"To, mi na ce? Na kai ta ƙasa."

Muka dubi juna. Ya ciro salula ya kunna saƙon, muryata ta fito a hankali, kalma bayan kalma: ɗayar ƙafar ka kai ta ƙasa. Ni abin da nake nufi, ita ƙafar a kai ta jikin ƙarfe. Shi abin da ya ji, a kai wa kwalba ta ƙasa. Tun da kuma farantinta na ambata a gabanin haka, can ya liƙa. Na juya jimlar a kaina ta kowace fuska ina neman inda murya za ta hau ko ta sauka ta raba ma'anonin biyu, ban samu ba. Har yanzu ban samu ba. Mita kuwa ba ta da laifi: kwandansatar ba ta barin wutar tsaye ta ratsa ta, sai mai motsi, don haka ko ina aka kai ƙafarta, awon wutar tsaye ba zai sani ba. Abin da muka yi shi ne, mun ɗauki katakon da magini na sama ke takawa mun ɗaure shi a kan na ƙasa. Idan wannan ya sunkuya, wancan ya sunkuya. Ta sama ta daina aiki, ta zama kaya kawai a wuyan ƴar'uwarta.

"To laifin wa ke nan?" in ji ɗan Maradi, yana shirin faɗa.

Kawu ya ɗaga buta sama ya tsiyaya. "Laifin Hausa ne. Ita kuwa ba ni da ofishin da zan kai ta ƙara."

Tun daga ranar muka ajiye fassarata. Jikin ƙarfe ya koma mas, ƙasa ta zauna wa kwalba, ta tsakar gida kuma muka bar wa Kawu.

Gyaran ɗigon dalma guda ne. Na kashe wuta, na sauke abin da ya saura a manyan kwandansatar, na auna na tabbatar babu, na sake aunawa, sannan na bar shi ya sa hannu. Da muka kunna, sauti ya ninku sau ɗari da ashirin da ƴan kai. Na fara bayyana cewa akwai tazara tsakanin wannan da lissafina, kuma mai yiwuwa tsufan kwalba ne, amma ya kamata a bincika. Ɗan Maradi ya naɗe wayar ƙarfensa ya ce idan na sake cewa "amma", zai mayar da ƙafar inda ya ciro ta.

Ranar da aka kwance wa tsohuwa ido, mota ta riga ta cika da buhunan gari da sukari. Ta yarda ta zauna mana da hantsi kafin su kama hanya. Na shirya ɗakin direban yadda ya kamata. Na ari barguna daga shago na rataye a bango, na kashe firiji, na sa aka ja akuyar maƙwabta zuwa can bayan layi, na roƙi maza su fita waje su yi shiru. Na kuma roƙi tsohuwa ta cire awarwaronta. Ta cire tana kallona da idon nan sabo.

"Ashe haka kake. Da ido ɗaya ka fi kyau."

Ta ɗora ƙwaryar imzad a cinya, ta goga wa izga ƙaro, ta ɗan ja ta saki, sannan ta shiga. Ban san sunan kiɗan ba, kuma ba zan yi da'awar na fahimce shi ba. Abin da na sani, yana hawa a hankali kamar mai hawan tudu da kaya, ya tsaya, ya waiwaya, ya gangaro. Na sa ido a kan allon kwamfuta don kada ya wuce iyaka, amma akwai wurin da na manta da allon.

Da ta gama na sa mata abin sauraro a kunne na kunna. Ta rufe idanu biyun. Ta saurara har ƙarshe.

"Wannan ni ce," ta ce. "Ga izgata. Ga numfashina ma. Har inda yatsana ya zame ga shi nan."

Na ji wani abu ya sauka daga kafaɗata. Na miƙa hannu wajen salular direban.

"Kada a aika."

"Inna?"

"Ina mutane?" Ta cire abin kunnen ta ajiye. "Ni kaɗai a cikin rami. Babu tari, babu kofi, babu kowa a bayana. Ɗiyata za ta ji wannan ta ce uwarta na kwance a likita ita kaɗai, ana ɓoye mata. Mai ciki ba a tayar mata da hankali. A wurinmu idan mace ta kaɗa, maza suna zaune kewaye, suna amsa mata daga ƙirji. Imzad ba ya tafiya shi kaɗai." Ta ɗaga murya. "Ku shigo! Kai mai shago, zauna nan. Kai mai salula, nan. A hura gawayi."

Ta mayar da awarwaronta ɗaya bayan ɗaya. Direban ya nuna mana yadda ake yi: idan kiɗan ya gangaro ya huta, sai maza su saki wani dogon sauti daga can cikin ƙirji, baki a ɗan buɗe, a hankali. Na ce ni zan tsaya wurin kwamfuta. Ta ce kwamfuta ba ta da ƙirji, in zauna. Na rage ƙarfin akwatin saboda Kawu, wanda tun a gwaji ya girgiza barguna, sannan na zauna inda idona zai iya kai wa allo.

Ta sake kaɗawa. Direban ya ja, muka bi. Ɗan Maradi ya yi ta danne dariya har ta zame masa amsa mai kyau. Buta ta tafasa, aka tsiyaya, kofi ya bugi kofi. Akuyar da na kora ta dawo bakin ƙofa ta faɗi nata. Ni ma na amsa, da farko a tsorace, daga baya ban san lokacin da na saki ba.

Ta saurara a karo na biyu, tana gyaɗa kai tana murmushi. Na ga ya zama wajibi in sanar da ita cewa Kawu ya riga lokaci a wuri biyu, kuma akwai inda ƙarar kofi ta hau kan izga, don haka idan tana da haƙuri za mu iya sakewa.

"Aika," ta ce.

Direban ya aika. Muka fita muna taya shi ɗaure igiyoyin mota, tsohuwa ta naɗe imzad ɗinta cikin zane ta hau gaba. Bai kai ga tayar da inji ba salularsa ta yi ƙara. Muryar autar ce, da Tamashek, harshen Abzinawa, tana kuka tana dariya a haɗe. Tsohuwa ta karɓe ta kara a kunne, ta sa aka maimaita mata. Ni ba na jin harshen, sai direban ya fassara mana: ta ce ta ji, ta gode, ta ce da kiɗan ya fara yaron cikin ya motsa, ta ce ta ji gidan cike da mutane, hankalinta ya kwanta. Sannan tana tambaya, wane ne wannan mai ƙirji kamar raƙumin da aka ɗora wa gishiri?

Kawu ya gyara hularsa ya ce a gaya mata shi ne, kuma bai ma saki duka ba.

Tsohuwa ta danna salula ta mayar da amsa, gajera, tana kallon Kawu, jikanyarta ta rufe baki da mayafi. Mun roƙi direban ya fassara, ya ƙi, ya tayar da mota. Tun da ban ji abin da ta ce ba, ba zan rubuta shi ba.